Tarbiyya Ba Da Bulala Kaɗai Ake Yin Ta Ba

(Jawabin da aka gabatar a taron iyaye da malamai na ƙungiyarmu a Abuja)



A watan Satumba na 2015 ƙasashen duniya suka taru a Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa guda 17, da niyyar cimma su nan da 2030. 'Yarmu Amina Mohammed, 'yar asalin Gombe, tana cikin waɗanda suka jagoranci tsara su. Muradi na 4 ya ce kowane yaro ya samu ilimi nagari. Cikin na 16 kuma akwai alkawarin kawo ƙarshen cin zarafin yara.

Wani zai ce, to mu da ke Dei-Dei ko Zuba ko Nyanya, ina ruwanmu da maganar Niyok? Wallahi da ruwanmu. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi da UNICEF a 2014 ya nuna cikin yara goma a Nijeriya, shida sun gamu da wani nau'in cin zarafi kafin su cika shekara 18. Kuma Dokar 'Yancin Yara ta 2003 tana aiki a nan Babban Birnin Tarayya.

Na san wani yaro a unguwarmu da kullum yake makara, kullum kuma sai ya sha bulala a bakin ƙofa. Ƙarshenta ya daina zuwa. Da malaminsa ya bi sawu, ashe yaron ruwa yake ɗebo wa kakarsa tun asuba. Aka zauna da dangi, aka raba aikin, aka ba shi riƙon ƙararrawar makaranta. Ya dawo, bai sake makara ba.

Abin da nake roƙo shi ne, kafin ka ɗaga hannu, tambayi dalili. A faɗa wa yaro dokar aji a fili. In ya yi abin kirki a yaba masa a gaban sa'o'insa, in ya ɓata a sa shi ya gyara abin da ya ɓata. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma in an matsa da yawa karyewa yake.

Duk yaron da ya tsaya a aji har ya gama, to mun cika namu kason na alkawarin 2030.

Allah Ya shirya mana zuriya.