Nauyin da Muke Ɗora wa Mawaƙanmu: Jawabi a Taron Ƙungiya

 

Ni ɗan kasuwa ne, amma yau zan yi magana kan mawaƙanmu na nan Zangon Kataf da Zonkwa da Kafanchan, da irin nauyin da muke ɗora musu.

In biki ya tashi, mai kalangu ake nema. Ya kwana yana kiɗa, ya san asalin kowa, ya kira sunan kowa. In ya tsallake alhaji ɗaya, shi ke nan, an ƙullace shi. Gari na wayewa kuma mu ce masa maroƙi, ya nemi auren 'yarmu mu hana. Wani mai kalangu, abokin cinikina, ya gaya mini ranar jajiberen biki ba ya iya barci saboda fargaba. Akwai ranar da aka liƙa masa kuɗi don ya yi wa wani habaici, ya ƙi. Gidan ba su ƙara kiransa ba.

To, jama'a, wannan ne abin da ya fi damuna. Mun ga abin da ya faru a garin nan a watan Fabrairu da Mayu na 1992, rikicin da ya faro daga maganar sauya wa kasuwa wuri. An yi asarar rayuka da dukiya, mu da maƙwabtanmu Katafawa. A wuri irin namu, habaici guda a bakin mawaƙi ya isa ya tada tsohon miki. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka ɗora a kan ganga.

Ku dubi marigayi Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015. A Bukuru aka haife shi, cikin Hausawa mazauna kamarmu, kuma maraya ya tashi. Da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi suna. Su wa ya waƙe? Karen mota, da yarinyar da aka yi wa auren dole. Har waɗanda ba Hausawa ba sun saurare shi, domin halin ɗan Adam ya taɓo.

Roƙona uku ne. A yanka wa mawaƙi ladansa tun kafin biki, kada ya dogara da liƙi. A daina sa shi zagin kowa, Bahaushe ko Bakatafe. In ya yi kuskure, a kira shi gefe a gaya masa, kada a tozarta shi a bainar jama'a.

Allah Ya zaunar da mu lafiya.