HALATTA TABAR WIWI DA ILLARTA GA HANKALIN MATASA

   

Ya ku 'yan'uwa, hukuncin tabar wiwi ba ɓoyayye ba ne a wurinmu. Shaihul Islam Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a shekara ta 728 bayan Hijira, tuni ya sanya ta a sahun giya saboda gusar da hankali. Abin da ya tara mu yau wata shubuha ce sabuwa. Sai matashi ya dube ka ya ce, "Malam, ai Turawa da suka fi mu sanin likitanci sun halatta ta." To, bari mu bi Turawan har gida.

Gaskiya ne jihohin Kolorado da Washinton na Amurka sun halatta ta a 2012, Kanada a 2018, Jamus a 2024. Amma babu ɗaya daga cikinsu da ta halatta wa yaro. Jihohin Amurka sun ce sai mai shekara 21, Jamus ta ce 18. Alhali likitocinsu da kansu sun tabbatar da cewa ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, kuma ɓangaren goshi, inda ake auna abu kafin a aikata shi, shi ne ƙarshen kammala. Ashe doka ta buɗe ƙofa tun gini bai bushe ba. Shi ya sa cikin masu shanta, kusan mutum ɗaya cikin goma ke kamuwa har ya kasa bari, amma ga wanda ya fara tun yana ɗan sakandare, ɗaya ne cikin shida.

Sa'an nan wiwin yau ba ta jiya ba ce. Sinadarin da ke bugarwa a cikinta, wanda ake kira THC, bai wuce kashi 4 cikin ɗari ba a wadda hukumomin Amurka suka kama a 1995. Zuwa 2014 ya kai kashi 12, kuma a shagunan da ke da lasisi akwai wadda ta fi haka nesa, domin ɗan kasuwa abin da ya fi bugarwa yake kawowa. Wani bincike da aka buga a 2019, wanda aka yi a garuruwan Turai da Barazil, ya nuna mai shanta kullum ya ninka wanda ba ya sha sau uku wajen haɗarin taɓin hankali. In mai ƙarfin yake sha, sau biyar.

Adalci ya wajaba ko a kan wanda muke saɓani da shi. Ƙididdigar Amurka ba ta nuna 'yan makaranta sun yi tururuwar shanta bayan halattawa ba. Ɓarnar ta wani wajen ta ɓullo. An shiga cuɗa ta cikin alewa da cakulan, ƙananan yara suna tsinta a ɗaka suna ci. Yara 'yan ƙasa da shekara 6 da aka kai rahotonsu cibiyoyin kula da guba sun tashi daga 207 a 2017 zuwa 3,054 a 2021. Subhanallahi! Ita kuwa Tailan, da ta saki dokar a 2022, sai ga ta a 2025 ta dawo ta ce sai da takardar likita.

Kada wani ya ce wannan labarin nesa ne. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi a Nijeriya miliyan 10.6, kuma a 2019 gwamnan Ondo na lokacin, Rotimi Akeredolu, ya yi kiran a ba da izinin noma ta don magani da samun kuɗin shiga. Batun magani kuwa a rarrabe shi. Akwai maganin farfaɗiya da aka tace daga ganyen, Amurka ta amince da shi a 2018, ba ya bugarwa, kuma likita ke auna shi. Ina haɗinsa da naɗin da ake zuƙa a kango?

Duk ɗan majalisar da ya zo muku da wannan magana, ku tambaye shi gadaje nawa ne a asibitocin ƙwaƙwalwa na Kware da Barnawa da Maiduguri, kuma wa zai tsaya a bakin gona ya hana ganyen isa tasha da ƙofar makaranta.