BAHAGO DA BINDIGA: A TAMBAYI IDO KAFIN A TAMBAYI HANNU

Jawabin da anka yi a taron ƙungiya na bayan kaka, gaban maigari da sarkin mahalba da ƴan uwa da sunka komo daga biɗa

   

Abin da ya sa munka ɗauko maganar yau, wani abu ne da ya faru a nan cikinmu. Wani ɗanmu ya yi rani biyu yana biɗa, ya tara kuɗi, ya nemi takardar izini, ya sayo ma ƙanensa bindiga sabuwa don tsaron gona da halbin zabi. Yaron ya fita daji sau da yawa, kullum hannu wofi. Zabuwa tana tsaye taki talatin, shi halba, ƙura ta tashi can gefen hagu, zabuwa ta yi tafiyarta. Wasu sunka ce bindigar karkatatta ce, an cuce su. Wasu sunka ce an yi ma yaron sammu. Har rai ya ɓaci tsakanin wa da ƙane. Daga baya wani tsohon soja ya karɓi bindigar ya halba, ta faɗa daidai. Ya sa yaron ya leƙa ta wata ƴar kafa a takarda, sai ya ce masa: "Ɗana, hannunka na dama ne, amma idonka na hagu ne." Kuɗin rani biyu da zumunci sun kusa salwanta a kan abin da ake ganewa cikin minti ɗaya.

1. Ido ma yana da dama da hagu

Kowa ya san bahago. Cikin mutum goma, kusan ɗaya bahago ne, haka abin yake a duniya. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, idanun mutum biyu ba su yin aiki daidai wa daida. Ɗaya shi ne jagora, shi ke faɗa ma ƙwaƙwalwa inda abu yake, ɗayan yana taimaka masa. Kusan mutum biyu cikin uku idonsu na dama ne jagora, sauran kuwa na hagu. Cikin masu hannun dama, kusan ɗaya cikin uku idon hagu ke ja musu gaba. Cikin bahagwai kuma, fiye da rabi kaɗan ke da idon hagu, sauran idonsu na dama ne.

A wajenmu akwai ƙari. Yaro in ya taso bahago, ana kwaɓarsa har shi koma cin tuwo da gaisuwa da dama. Wannan ladabi ne, ba mu taɓa shi ba. Amma kwaɓa hannu take canzawa, ba ta kai ga ido. Saboda haka muna da mutane da yawa da ake ɗauka na dama ne, alhali idonsu yana nan hagu inda Allah ya aje shi.

Ga lissafin, don a ga girman ɓarnar. Tsakanin ƙwayar idon dama da ta hagu akwai kamar santimeta 6 da rabi. Daga ido zuwa ɗan ƙullutun saiti da ke bakin bindiga akwai kusan mita 1. Mutum ya ɗora bindiga a kafaɗar dama, idanu biyu buɗe, amma idon hagu ne ya daidaita ƙullutun da nama: bakin bindiga ya riga ya kauce hagu da santimeta 6 da rabi a mita ta farko. A mita 30 kaucewar ta kai kusan mita 2. Shi mai halbi yana rantsuwa ya auna daidai, kuma gaskiyarsa ce, idon da ba ya bisa bindiga ne ya auna.

2. Yadda ake gane ido jagora

A samu takarda, a huda ta tsakiya kamar faɗin ƙwandalar dala biyar. A riƙe ta da hannu biyu, a miƙe hannuwa. Idanu biyu buɗe, a leƙi wani abu mai nisan taki goma, kamar turmi ko bakin rumbu. Sannan a jawo takardar sannu sannu zuwa fuska, ba tare da an bar abin ya ɓace ba. Idon da kafar ta zo kansa, shi ne jagora. A yi sau uku. In ba takarda, a haɗa tafin hannu biyu a bar ƴar kafa tsakani. Uba yana iya tsayawa gaban ɗansa ya ce: leƙo hancina ta kafar, idon da uban ya hango, shi ke nan.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Wani masani ɗan Italiya, Della Porta, ya yi bayaninsa tun 1593. Kakanninmu masu baka da kwari ma sun san wani yaro ba ya samun bara sai ya juya baka ɗaya hannun, ko da ba su ba abin suna ba.

Dattawa, ku ma ku gwada, ko da kun shekara arba'in kuna halbi. In yana ta fara rufe idon da ke jagora, ɗayan yana karɓe aikin. Mahalbin da ya saba samu, sa'an nan ya fara kuskure gefe guda kullum, shi je a duba masa ido a likita kafin shi zargi bindiga ko maƙiyi.

3. Wace kafaɗa?

Shawararmu ga mai fara koyo ita ce shi bi ido. Wanda idonsa na hagu ne shi ɗora a kafaɗar hagu, ko da da dama yake rubutu. Wanda yake bahago amma idonsa na dama, shi ɗora a dama, ya huta, kowace bindiga ta kasuwa tasa ce. Dalili kuwa, hannu yana koyon sabon aiki, jan kunama bai fi saƙar igiya wuya ba, amma ido ba ya jin horo haka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A cire harsashi, a duba da ido cewa ba kome ciki, a juya baki wajen da ba mutum, a riƙa ɗaga ta zuwa kafaɗa da kunci kamar sau ashirin kowane marece. Sati na farko abin zai yi kamar cin tuwo da hagu, daga nan jiki ya saba.

Wanda ya tsufa a kafaɗa guda, ba lalle shi canza ba. In bindigarsa mai harsashi guda ce da ake aunawa a tsanake, runtse ido ɗaya ya isa, haka nan in tana da madubin hange. In kuwa ta tsuntsu ce, mai watsa ƙwayoyin dalma, runtse ido yana rage gane nisa da ganin gefe. Dabarar da ake yi ita ce a sa tabarau, a liƙa ɗan guntun leda mai hazo kamar girman farce daidai inda idon jagora ke kallon bakin bindiga. Idon yana ganin daji duka, ƙullutun saiti kaɗai ya ɓace masa, sai ɗayan ya karɓa. Ko kuwa a bi tsuntsu da idanu biyu, a runtse ɗaya daidai lokacin da ƙota ta taɓa kunci.

4. Irin bindigar da ta dace da kafaɗar hagu

Mu fara da wadda ake karyawa a sa harsashi, mai baki ɗaya ko biyu, lamba 12, wadda munka fi sani. Ita ce ta fi sauƙi ga bahago, don ba ta jefa kwanso gefe. Simplex ta kamfanin Manufrance na Faransa, wadda iyayenmu sunka riƙe, da Baikal mai baki ɗaya ta Rasha, duka daga ƙasa ake buɗe su, kowane hannu yana iyawa. Amma a duba abu uku. Na ɗaya, ƙota: sau da yawa ana ɗan karkata ta dama da ƴan milimita don fuskar mai dama ta zauna daidai, a kafaɗar hagu wannan karkata tana ture ido daga layi. A buɗe bindigar, a hange ta daga baya, a nemi mai ƙota miƙaƙƙiya. Na biyu, wasu suna da tudun kunci a gefen hagu na ƙota, wanda ba shi da amfani ga bahago. Na uku, makullin tsaro: wanda ke bisa, ƙarƙashin babban yatsa, na kowa ne, wanda ake turawa daga gefe kusa da kunama, don mai dama anka yi shi.

Sai mai sakata, wadda ake ja baya a tura gaba. Tsofaffin sojanmu sun san MAS 36 ta Faransa, mai cin harsashi 5, da Lee-Enfield ta Ingila mai cin 10. Hannun sakatarsu dama yake. Bahago sai ya sauke ta daga kafaɗa ko ya tsallako da hannu ta bisa. Jinkirin ba shi ne babban abu ba. Mai dama kuncinsa yana gefen hagu na ƙota, ƙofar da kwanso ke fita tana can ɗaya gefen. Bahago kuwa fuskarsa tana gefen ƙofar. Ran da kwanso ya tsage, hayaƙi mai zafi da ɓarɓashin tagulla sun fi kusa da idonsa. Akwai masu sakatar hagu: kamfanin Savage na Amurka ya fitar da samfurinsa 110 na hagu a 1959, wasu kamfanoni sunka biyo baya. Sai dai ba su da yawa a kanti, sau da yawa sai an yi oda, kuma ran sayarwa mai saye yana wuya. A yi wannan lissafi tun kuɗi na aljihu.

Akwai mai zubar da kwanso da kanta, ko wadda ake ja ma hannu ta ƙasa. Yawancinsu dama suke jefawa, kwanso mai zafi shi gitta gaban fuskar bahago ko shi faɗa masa cikin hannun riga. Ithaca 37 da Browning BPS ƙasa suke zubarwa, tsakanin ƙafafu, don haka ba ruwansu da dama ko hagu. Winchester 94 ta dā sama take jefawa.

Ta gargajiya da ake ɗurawa ta baki, wurin da wuta ke kamawa yana gefen dama. Wanda ya ɗora ta a hagu, tartsatsi da hayaƙin albarushi gaban idonsa da damtsensa suke tashi. Mun ga masu tabon ƙuna a fuska saboda wannan. Bahago shi yi nesa da ita, in kuwa ya zama dole, to kada shi halba ba tabarau.

Samarin da ke shiga soja ko jandarma, ku ba ku zaɓen bindiga, abin da anka ba ku shi ne. Amma ku faɗa ma mai horonku tun ranar farko. Sojojin duniya sun san matsalar. FAMAS, wadda Faransa ta ɗauka a 1978, an yi ta yadda za a juya ta ta riƙa jefa kwanso hagu. Ita kuwa L85 ta Ingila daga kafaɗar dama kaɗai ake halba ta, bahago dole shi koyi dama. Ba abin kunya ba ne a ce ido na hagu ne.

5. Ga masu aiko da kuɗi

Ku da ke waje, kada ku sayi bindiga don wanda ba ya wurin. Riga ma sai an gwada. A fara da gwajin takarda, a san ido, a san kafaɗa. Sannan mai ita shi riƙe ta, shi rufe idanu biyu, shi ɗora ta a kafaɗa, shi buɗe ido. In idon jagora ya samu kansa bisa bututu yana kallon ƙullutu tsaf, ta dace da shi. In sai ya karya wuya yana neman layi, a aje ta a ɗauki wata, kome arharta. Sayen na gari mai da kuɗi gida.

Kuma a bi ƙa'ida. Bindiga sai da takardar izinin riƙewa daga hukuma, halbi kuma sai da tasa takardar. Dokar farauta ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ta ware namun da ba a taɓawa sam, irin raƙumin dawa na wajen Kure, kuma gandun daji irin na Gadabeji ba wurin halbi ba ne. A tambayi ma'aikatan gandun daji lokacin da aka buɗe da irin naman da aka yarda. Bindigar yaƙi kuwa ba ta farar hula ba ce, wanda ya kawo muku ita ya kawo muku wahala. A gida, bindiga wuri dabam, harsashi wuri dabam, nesa da yara.

Shi yaron da munka ba ku labari ya koma kafaɗar hagu. Ƙotar bindigarsa miƙaƙƙiya ce, bai sayi wata ba. Bana zabi sun san da shi, wansa kuma ya ci nasa rabo kafin shi koma.

Mun roƙi sarkin mahalba, ya kuwa yarda, ranar kasuwa mai zuwa bayan la'asar a taru ƙofar maigari da duk yaron da ke son koyon halbi. Ba a zuwa da bindiga, takarda ɗaya mai huda ta ishe mu duka. Wanda ke da tambaya shi tashi yanzu, dattawa na nan.

Allah shi tsare mana idanunmu, shi kai matafiya lafiya, shi maimaita mana.