Takarar Ɗan Ba-Jam'iyya: Ƙofar da Sashe na 65 da na 131 Suka Rufe



Mutumin Sabon Gari da ke son wakiltar mazaɓarsa a Majalisar Wakilai ta Tarayya, ko da shaihin malami ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana karantarwa a nan Samaru, ko attajirin da kasuwa ta shaidi amanarsa, ba shi da hanyar da sunansa zai kai ga akwatin zaɓe sai wata jam'iyya ta tsayar da shi, domin haka sashe na 65 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya shar'anta, kamar yadda sashe na 131 ya gindaya wa mai neman shugabancin ƙasa. Alhali kuwa a zaɓen 1959 'yan takara masu zaman kansu sun tsaya, waɗansunsu har sun ci kujeru.

To, mu dubi kuɗin shiga wannan ƙofa guda da aka bari. A 2022 jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa a kan naira miliyan 100, PDP kuwa miliyan 40. Na Majalisar Wakilai a APC miliyan 10 ne, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 30,000, wato sai ma'aikaci ya tara albashinsa na shekara 27 da ɗoriya, bai ci ba bai sha ba, kafin ya riƙe takardar, balle a zo ga sallamar daliget ranar fidda gwani. Wanda ba shi da ubangida, ina zai fara? Kotun Ƙoli ma ta ƙara wa wannan hali ƙarfi a 2007, sa'ad da ta ba Rotimi Amaechi kujerar gwamnan Ribas, shi da sunansa bai fito a zaɓen ba, bisa hujjar cewa jam'iyya aka zaɓa.

Magani kuwa ba ɓoyayye ba ne, don tun Disamba 2008 kwamitin gyaran zaɓe na Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, haifaffen Zariya, ya ba da shawarar a halatta takarar ɗan ba-jam'iyya. Taron Ƙasa na 2014 ya maimaita. Majalisar Tarayya ta amince a 2017, ta sake amincewa a Maris 2022, amma har yau lafazin sassan nan bai motsa ba, kuma wallahi abin ya isa a kira shi wasa da hankalin jama'a.

Uzurin da mahukunta suka fi kawowa shi ne takardar ƙuri'a za ta cika da sunaye, sai ka ce ba a ƙarƙashin jam'iyyu aka jera mutum 73 suna neman shugabancin ƙasa a 2019 ba, har INEC ta soke rajistar jam'iyyu 74 a shekarar da ta biyo. Sharaɗin tattaro sa hannun masu zaɓe ya wadatar wajen tace masu neman suna.

Maƙwabtanmu na Binin sun zaɓi Yayi Boni a 2006 da Patrice Talon a 2016, dukansu ba da tutar jam'iyya ba. Masu kafa hujja da Ibrahim Ba'are Mainasara, wanda ya tsaya haka a Nijar a 1996, su tuna soja ne da ke kan mulki, wanda ya rushe hukumar zaɓe tun ba a gama zaɓen ba. Kotun Afirka da ke Arusha kuwa ta hukunta a 2013, a shari'ar Mtikila da Tanzaniya, cewa haramta takarar ɗan ba-jam'iyya ya saɓa wa Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam, wadda Nijeriya ta mayar dokar cikin gida tun 1983.