Don Me Mai Bi Yake Shan Wahala?

Karatunmu na yau yana cikin Bisharar Yohanna, sura 9, aya 1 zuwa 7.

Kwanan baya na je gaisuwar mutuwa gidan wata 'yar'uwa wadda ta binne ɗanta na fari. Shekara da shekaru tana cikin zumuntar mata, ba ta fashin sujada. Da jama'a suka ragu, sai ta matso ta ce mini, "Baba Fasto, wane laifi na yi wa Allah?" Ashe wasu sun raɗa mata cewa akwai ɓoyayyen zunubi a gidan, wasu kuma sun ce bangaskiyarta ce ta kasa.

Wannan tunani ba sabo ba ne. Sa'ad da almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, sai suka so su san ko alhakinsa ne ya kama shi, ko na iyayensa. Yesu bai yarda da ko ɗaya ba. Ya nuna musu cewa makantar nan za ta zama hanyar da mutane za su ga aikin Allah. Ya kwaɓa ƙasa ya shafa masa a ido, ya aike shi tafkin Siluwam, mutumin ya wanke, ya komo yana gani.

Hakika akwai wahalar da mutum yakan jawo wa kansa. Wanda ya sayar da hatsin rumbunsa ya sha giya, kada ya tuhumi Allah in yunwa ta shiga gidansa da damina. Amma ba kowace wahala ce horon zunubi ba. To, me Allah yake yi da ita?

Na fari, yakan ceci waɗansu ta wurinta. Yusufu yana da shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi, sai da ya kai 30 ya tsaya a gaban Fir'auna. Shekara 13 ke nan na bauta da kurkuku. Amma ta wannan hanya aka tara hatsin da ya rayar da Masar da gidan Yakubu a lokacin yunwa.

Na biyu, yakan koya mana dogara gare shi. Manzo Bulus ya faɗa a 2 Korantiyawa sura 12 cewa sau uku ya roƙi Ubangiji ya kawar masa da wata ƙaya a jikinsa. Ba a kawar ba, alheri aka ba shi domin ya iya ɗaukarta. Za mu ce Bulus ba shi da bangaskiya?

Na uku, yakan shirya mu mu ta'azantar da waɗansu. Gwauruwar da ta daɗe da rashin miji ta fi ni sanin abin da za ta faɗa wa sabuwar gwauruwa.

Duk da haka, 'yan'uwa, akwai wahalar da ba za mu san dalilinta a duniyan nan ba. Har ƙarshen littafinsa, ba a gaya wa Ayuba abin da ya faru a sama ba. Abokansa sun kyauta sa'ad da suka zauna tare da shi kwana bakwai shiru. Da suka fara ɗora masa laifi, sai Allah ya tsauta musu a sura 42.

Ban iya gaya wa 'yar'uwar nan dalilin mutuwar ɗanta ba. Na dai tuna mata cewa Yesu da kansa ya yi hawaye saboda Li'azaru, shi marar zunubi kuma ya sha azabar gicciye, a rana ta uku ya tashi. Wanda muke kuka gare shi ya san zafin, ya kuwa ci nasara a kan kabari.

In kana da maƙwabci mai wahala, kada ka zama alƙalinsa. Je ka zauna da shi, ka kai masa ko da mudun hatsi ne.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka riƙe duk mai kuka a wannan sa'a, ka ba mu haƙuri har ranar da za mu gane nufinka. Cikin sunan Yesu, Amin.