Jawabi A Kan Sana'ar Kula Da Hanyoyin Sadarwa Na Zamani

Jama'a da yawa a ƙasar nan sun san garin Kafanchan ne ta dalilin jirgin ƙasa. A 1927 aka haɗe layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Inugu da Makurɗi da wanda ke Kaduna, aka kuma fitar da reshe daga Kafanchan zuwa Jos domin jigilar kuza. Tun daga lokacin nan garin ya zama mahaɗa, ya tara ma'aikata daga kowace kusurwa ta Nijeriya, direbobi da makanikai da masu gyaran layi da masu buga tangaraho. Abin da ya kamata a tuna game da mutanen nan shi ne ƙa'idar aikinsu. Layin guda ɗaya ne tak, mai zuwa da mai dawowa duk a kansa suke bi, saboda haka ba a sakin jirgi daga tasha sai shugaban tashar ya buga waya ga na gaba an tabbatar masa hanya a buɗe take. Wayar nan idan ta mutu, jirgi lafiyayye sai ya tsaya cik da fasinjojinsa da kayansa.

Zirga-zirga a tsohon layin ta ja da baya ƙwarai, amma ƙa'idar ba ta mutu ba, sauya wuri ta yi. Tun daga watan Agusta na 2001 da wayar salula ta fara aiki a ƙasar nan, harkokin mutane suka riƙa komawa kan hanyoyin sadarwa kaɗan kaɗan, har ya zama mai sayen citta a kasuwar Kachia ko ta Kwoi ba ya ɗauko kuɗi a buhu, ta waya yake turawa. Manomi kuwa ba ya sakin buhunsa sai ya ga saƙon banki ya shigo. A farkon 2023, sa'ad da aka sauya takardun naira tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, kowa ya ga yadda ciniki ke tsayawa idan aka tura kuɗi suka maƙale a hanya. Har wa yau, ran 14 ga Maris 2024, manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa, watau WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, bankuna da ofisoshi a Nijeriya suka shiga wahala, alhali kuwa wurin da abin ya auku yana da nisan gaske daga Kaduna. Wannan ne dalilin da ya sa ake bukatar samari da 'yan mata su koyi sana'ar da wannan jawabi ya ƙunsa.

Sana'ar tana da rassa biyu. Na farko shi ne sa na'urori su yi aikin da a da mutum ke yi da hannu. Saƙon da ya tashi daga wayar wani a Zonkwa yakan bi ta turken sadarwa, ya shiga wayar faiba da aka binne a gefen titi, ya ratsa na'urori masu yawa da ke rarraba saƙonni, kowace tana duba adireshinsa tana miƙa shi gaba, kamar yadda ma'aikacin gidan waya ke ware wasiƙu. Kowace na'ura kuma tana da tsarin umurni da aka rubuta mata. A tsohuwar hanya injiniya yakan shiga na'urorin ɗaya bayan ɗaya ya buga umurnin da yatsunsa. A ɗauka kamfani yana da na'ura 300, kowace tana cin minti 10. Aikin ya zama awa 50 ke nan, kuma da wuya mutum ya buga abu ɗaya sau 300 bai yi kuskure ko sau ɗaya ba, balle da tsakar dare, lokacin da aka fi yin irin wannan gyara. A sabuwar hanya sai ya rubuta umurnin sau ɗaya, abokin aikinsa ya duba, a adana shi inda za a san wanda ya canza kowane layi da ranar da ya canza, sa'an nan kwamfuta ta kai shi ga na'urorin duka cikin 'yan mintoci.

To, amma a nan ne haɗarin yake. Kwamfuta ba ta gajiya, ba ta kuma tausayi. Idan umurnin da aka ba ta da kuskure, za ta raba kuskuren ga na'ura 300 da saurin da za ta raba daidai. Ran 4 ga Oktoba 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya duka har wajen awa 6. Kamfanin da kansa ya bayyana cewa wani umurni ne da aka bayar lokacin gyara na yau da kullum ya katse manyan hanyoyinsa, kuma manhajar da aka tanada don tace irin wannan umurni tana da lahani, ba ta tare shi ba. Abin ya kai injiniyoyi sun kasa shiga na'urorin daga nesa, sai da aka tura mutane da ƙafarsu zuwa ɗakunan da suke. Don haka ne ƙwararru ba sa sakin sabon umurni gaba ɗaya. Sukan gwada shi a kan na'ura ɗaya su jira, sa'an nan goma, sa'an nan saura, kuma tun kafin su fara sun riga sun shirya hanyar komawa ga tsohon tsari idan abu ya ƙi.

Reshe na biyu shi ne tabbatar da ɗorewar aiki. A kamfanin Google aka fara tsara shi a matsayin sana'a mai zaman kanta, a 2003, ƙarƙashin wani injiniya mai suna Ben Treynor Sloss. Tushensa lissafi ne mai sauƙi. Babu na'urar da ba ta tsayawa, saboda haka alkawarin cewa ba za a taɓa samun katsewa ba alkawarin banza ne. Abin da ake yi shi ne a yanke iyaka. Idan aka ce hanya za ta yi aiki kashi 99 cikin 100 na lokaci, an yarda ke nan ta mutu fiye da kwana 3 da rabi a shekara. Kashi 99.9 yana nufin wajen awa 8 da minti 45, kashi 99.99 kuwa minti 53 kacal. Kowane tara da aka ƙara yana da tsada, gama yana bukatar hanya ta biyu, da batir, da janareta ko wutar sola, da mutumin da zai tashi idan ƙararrawa ta buga. Asibiti da banki suna bukatar tara da yawa. Gidan kallon ƙwallo zai iya haƙura da kaɗan. Aikin injiniya shi ne ya san wanda ya dace da kowane, ya auna kullum, idan kuma ya ga an kusa cinye kason katsewar da aka yarda da shi, ya dakatar da sababbin canje-canje har al'amari ya daidaita.

Akwai wata al'ada ta masu wannan sana'a da ta cancanci ofisoshin ƙasar nan su koya. Bayan kowace katsewa sukan zauna su rubuta abin da ya faru daki-daki, da lokacin da ya faru, ba domin a sami wanda za a kora ba, sai domin a gano abin da ya bar kuskuren ya wuce. Ma'aikacin da ya san za a hukunta shi yakan ɓoye gaskiya, kuskuren kuma ya sake dawowa a hannun wani.

A nan gida, yawancin katsewar ba daga umurni take zuwa ba. Motar aikin hanya takan tsinke wayar faiba, ɓarayi sukan kwashe batura da man dizal daga turaku, wuta kuma takan ɗauke. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta sa kayan sadarwa cikin jerin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman. Injiniyan da zai yi aiki tsakanin Kagoro da Saminaka lalle ne ya tsara hanyarsa da sanin cewa wata rana za a tsinke waya, ya tanadi wata da saƙo zai karkata kanta da kansa kafin mai gyara ya isa wurin.

Mai son koyo ba ya bukatar dukiya mai yawa kafin ya fara. Abu na farko shi ne sanin yadda ake ba na'urori adireshi da yadda saƙo ke zaɓen hanya, domin wanda bai iya aikin da hannu ba ba zai iya koya wa kwamfuta shi ba. Bayan wannan sai tsarin Linux, da harshen Python da ake rubuta umurni da shi, da Git na adana canje-canje, da Ansible na kai umurni ga na'urori da yawa. Dukansu kyauta ake samunsu. Akwai kuma manhajoji irin su Packet Tracer da GNS3 da ke ba ɗalibi damar gina hanyar sadarwa ta gwaji a cikin kwamfutarsa, ya lalata ta ya gyara sau ɗari ba wanda ya yi asara. Turanci da lissafi na sakandare su ne jari, kuma 'ya mace tana da daidai damar da ɗa namiji yake da ita, tun da yawancin aikin a zaune ake yinsa.

Game da wuraren horo, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta kafa cibiyar Digital Bridge Institute a 2004, tana da rassa a Abuja da Kano da Legas. A 2023 Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT da nufin horar da mutum miliyan 3 a sana'o'in kwamfuta, kuma ta intanet ake neman shiga. Iyaye da shugabannin makarantu a Jema'a da Kaura da Zangon Kataf da sauran ƙananan hukumomi za su taimaka ƙwarai idan suka samar wa ɗalibai ɗaki guda mai wutar sola da kwamfuta ko da biyar ce, a riƙa amfani da su bi da bi bayan an tashi daga aji.