Jawabin Bikin Cikar Shekara: Mu Riƙa Ɗaga Kai a Fadama

Iyayenmu da ƙannenmu na Boɗinga da Shagari, da mazajenmu da sunka yi haƙuri sunka bar mu munka zo. Lissafin adashi da ribar albasa ma'aji ta karanta, kun ji. Akwai kuma wani lissafi da bai shiga littafi ba.

Bara albasa ta ruɓe mana a rumbu, ga bashin taki a wuya. Mu faɗi gaskiya: da yawanmu mun yi sallolin da ba mu san me munka karanta ba. Goshi na ƙasa, zuciya na kasuwa. Har ƴan kwamiti sunka fara kallon juna da zargi, wasu sunka ce a raba kuɗi kowa ya kama gabansa.

Wata tsohuwa cikinmu, Allah ya ƙara mata lafiya, ita ta ce mu bar ɗakin taro mu koma fadama. Munka zauna gindin gawo da la'asar sakaliya. Ta ce, "Ɗiyana, ku dubi iccen ga. Da damina, kowane icce na kore, shi ya zubar da ganye kamar ya mutu. Da rani, sa'ad da daji ya bushe, sannan ya tofo, awaki su samu abin ci. Wa ya ba shi nashi lokaci?" Ba wadda ta amsa. Munka yi shiru, sai kukan kurciya. Wallahi rabonmu da irin wannan shirun har mun manta. Magaribar ranan ta bambanta da sauran.

Abin kunya shi ne kullum muna wurin. Muna ban ruwa, muna ɗebo itace, amma kai a sunkuye. Alhali Suratul Gashiya da ɗiyanmu ke biyawa a allo raƙumi take nuna muna, da sama, da duwatsu, da ƙasa. Wanne ne babu tsakanin Boɗinga da Shagari?

Kuma ƙasar ga ba baƙuwar tafakkuri ba ce. A Sifawa Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma nan Boɗinga. Ƴan Taru na Nana Asma'u da ƙafa suke ratsa daji neman ilimi. Mu da ke da mota da waya, mu ce ba mu da minti goma?

To, ga abin da kwamiti ya yanke. Taron farkon kowane wata a fadama za a yi shi, kafin a buɗe littafi a yi shiru da tasbihi. Kar kowa ta tafi ita kaɗai, kun san halin da ake ciki. A tafi a ƙungiya, a dawo kafin duhu. Masu sayar da itace, don Allah gawon nan a bar shi. In ruwa ya sauka, kowace ta dasa darbejiya ɗaya. Mai bukatar dashe ta ba sakatariya sunanta kafin a raba abinci.